Mudu Ɗaya ko Kowa da Kwanonsa: Muhawara Kan Ƙunshin Manhajojin Linux

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar yau da kullum daga Windows 10. Mai son ci gaba da samun gyaran tsaro sai ya shiga shirin ƙarin wa'adi ko ya koma Windows 11, ita kuwa tana da sharuɗɗan da yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba. Duk wanda ya saba shiga ofisoshi a Gwadangaji, inda sakatariyar Jihar Kebbi take, ko shagunan buga takardu da cike fom na cikin Birnin Kebbi, ko ya ga abin da ɗalibai ke ratayowa a jaka, ya san kwamfutocinmu da yawa sun manyanta. Wasu ma 'yan gwanjo ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama aikinsu a Turai kafin su iso mana. Lafiyarsu ƙalau, kuma babu mai kuɗin zubar da su.

Shawarar da ake yawan ji daga matasan da suka san kan na'ura ita ce a ɗora musu Linux, babbar manhajar da ba a saye, wadda kowa ke da damar duba cikinta, ya gyara, ya raba. Sa'ar jiharmu ce ma: Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya sanar da ita ranar 25 ga Agusta, 1991, bayan kwana biyu aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Sai dai da zarar darakta ya ce to, a ɗora, tambayar da ke biyo baya ita ce: wacce daga ciki? Linux zuri'a ce mai ɗaruruwan gidaje, kuma abin da ya fi raba su shi ne yadda kowane gida ke naɗe manhajojinsa.

Manhaja ba ta zuwa haka kawai. Ana naɗe ta cikin ƙunshi mai ɗauke da ita kanta, da bayanin inda kowane ɓangarenta zai zauna a cikin kwamfuta, da jerin wasu ƙananan manhajoji da ba ta iya tashi sai da su. Waɗannan ƙananan su ne tubalan ginin, kuma manhajoji da dama kan yi tarayya a kan tubali ɗaya. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana da salon ƙunshinta mai suna deb. Shi Ubuntu ta gada da Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da ita a 2004, Linux Mint kuma ta gada daga Ubuntu. Kamfanin Red Hat ya fito da rpm, da shi Fedora da openSUSE ke aiki. Arch ta zo a 2002 da nata, pacman. Kowane gida yana da rumbunsa a intanet, da mutanensa masu ɗauko manhaja daga hannun wanda ya rubuta ta, su daidaita ta da tubalan gidan, su zuba a rumbu. Debian 12 ta shekarar 2023 kaɗai tana da ƙunshi sama da 60,000.

Ƙunshin deb ba ya shiga Fedora. Na rpm da aka yi wa Fedora ba lallai ya zauna lafiya a openSUSE ba, ko da yake salonsu ɗaya. Har a cikin Ubuntu, abin da aka haɗa don fitowar 2024 yana iya ƙin tashi a kan ta 2022. Don magance haka aka fito da tsare-tsare uku da aka ce za su shiga ko'ina: AppImage, wanda Simon Peter ya fara a 2004 da sunan klik, Snap na kamfanin Canonical mai Ubuntu, da Flatpak na Alexander Larsson, wanda ya samu wannan suna a 2016. Aka tashi ragewa, sai aka ƙara uku. Shi ya sa gardamar ba ta mutu ba: a taru a kan tsari ɗaya, ko a bar kowa da nasa?

Abin da masu neman daidaito ke cewa

Mai ba su shaida na farko shi ne Torvalds da kansa. A taron Debian na 2014 a birnin Portland na Amurka, ya koka a bainar jama'a cewa haɗa wa masu Linux manhaja shiryayya wahala ce tsagwaronta. Ya kawo misalin Subsurface, manhajar da ya fara rubutawa don masu nutso a teku: ana fitar da ita cikin sauƙi ga masu Windows da Mac, amma idan aka zo Linux sai an bi kowane gida da kowace fitowa. Idan mai abin ya gaji, in ji su, ina ga ƙaramin kamfani a Kano ko Legas da ya rubuta manhajar lissafin albashi ko ta ajiye sakamakon ɗalibai? Zai yi wa Windows guda ɗaya ya huta. Masu ƙera firinta da sikana ma haka suke: wanda ya kyauta shi ne ya fitar da deb da rpm, saura kuwa kowa tasa ta fisshe shi.

Abin ya fi fitowa fili a teburin mai gyara. A ɗauka an kawo kwamfuta daga wani ofishi, an ɗora mata Linux, ana son a saka mata manhajar zane. Yaron shago ya je inda sabis ke da ƙarfi, ya sauko da ƙunshin a filashi, ya dawo ya danna.

"Oga, ya ƙi shiga."

"Me ya ce maka?"

"Wai akwai abu uku da yake nema, babu su a ciki."

"To, koma ka sauko da su."

Ya je ya dawo. Ɗaya daga cikin ukun shi ma yana neman wasu biyu, wani kuma sabon fita ne alhali kwamfutar tsohon take so. Kafin la'asar ogan ya ce a mayar mata da Windows ɗinta, mai ita na jira. Inda intanet ke zaune daram ba a ma lura da wannan, domin kwamfutar da kanta ke jawo tubalan daga rumbu. A nan inda data kuɗi ce, wutar lantarki kuma ba ta da alƙawari, ita ce matsalar farko.

Sai kuma asarar ƙarfi. Manhaja ɗaya, a ce LibreOffice ta rubutu da lissafi, mutum a Debian ya naɗe ta, wani a Fedora, wani a Arch, wani a openSUSE, kowa yana maimaita aikin ɗan'uwansa, da yawansu kuma 'yan sa-kai ne masu yi bayan sun tashi daga wurin neman abinci. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kuma duk hannun da ya taɓa manhaja yana iya ɓata ta. A 2006 wani mai kula da ƙunshi a Debian ya kashe layuka biyu a cikin OpenSSL, tubalin da ke ƙera mabuɗan sirri, da niyyar gyara. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano cewa tun daga lokacin mabuɗan da Debian da Ubuntu ke ƙerawa ba su wuce kimanin 32,000 ba a kowane nau'i, adadin da kwamfuta ke iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci. Masu OpenSSL ba su yi wannan gyara ba, ɗan tsakiya ne ya yi. A Fabrairun 2025 ma masu OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyo da watsa shi kai tsaye, sun nemi Fedora ta cire sunansu daga wani ƙunshi da ta haɗa da kanta, domin yana ba mutane matsala, ƙorafin kuma wurinsu yake zuwa. Daga baya aka sasanta.

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Mudun wata kasuwa ba na wata ba ne, wani kwanon an bubbuge gindinsa, wani buhun an danna shi har ya ƙi ɗinkuwa. Manyan masana'antun casa kuwa da kilo suke magana, kilo kuma ɗaya ne daga Kebbi har Legas. A ganin wannan ɓangare, sikeli Linux ke nema. Sun kuma ce an riga an gwada an gani: Android a kan zuciyar Linux aka gina ta, kuma ƙunshinta ɗaya ne, APK. Shi ya sa mai Tecno zai tura wa mai Samsung manhaja ta Xender suna zaune a majalisa, ba tare da kashe ko sisi a data ba, ta kuma tashi.

Martanin masu kare bambanci

Suna farawa da tambaya: sikelin a hannun wa zai zauna? Kowa na iya duba manhajar Snap da ke kan kwamfutarsa, amma rumbun da take ɗebowa guda ɗaya ne, na Canonical, kuma abin da ke tafiyar da rumbun a rufe yake. A 2019 Ubuntu ta mayar da burauzar Chromium zuwa Snap, ta yadda wanda ya nemi deb ɗinta Snap za a girka masa ta bayan gida. Linux Mint, duk da cewa a kan Ubuntu aka gina ta, ta toshe wannan hanya a fitowarta ta 20 a shekarar 2020, daga baya ta riƙa haɗa Chromium da kanta. Da a ce tsari ɗaya ne tilo a duniya, da Mint ba ta da inda za ta nufa. Haka aka yi a Disambar 2020, da Red Hat ya sanar cewa CentOS 8, wata fitowar Linux da ke hannunsa wadda aka yi wa alƙawarin kulawa har 2029, za ta tsaya a ƙarshen 2021. Ba a rufa shekara ba AlmaLinux da Rocky Linux suka fito suka maye gurbinta. Wannan rabuwar da ake kuka da ita, in ji su, ita ce ƙofar fita ranar da mai gida ya canza magana.

Sun kuma ce a duba tarihi. A 2001 aka fitar da Linux Standard Base, ƙa'idar da aka so ta haɗa kan kowa, har hukumar ISO ta amince da ita a 2006. Ta zaɓi rpm a matsayin ƙunshin kowa, abin da bai yi wa mutanen deb daɗi ba. Fitowarta ta 5.0 a 2015 ta zo daidai da shekarar da Debian ta janye yawancin goyon bayanta. A 2002 kamfanoni huɗu, SuSE da Caldera da Conectiva da Turbolinux, suka haɗa UnitedLinux. Kafin shekara biyu ta watse, bayan Caldera, da ta koma SCO, ta shiga shari'a da IBM a kan Linux ɗin kanta. Mutanen da ba albashinka suke ci ba, ba ka da sandar da za ka kora su hanya ɗaya.

Ɗan tsakiyar nan da ake zargi kuma, shi ne mai gadi. Mai kula da ƙunshi a Debian ko Fedora yana duba abin da zai shiga rumbu, yana cire abin da ke leƙen asirin mai kwamfuta, yana ci gaba da ɗinke ɓarakar tsohuwar manhaja bayan mai ita ya wuce gaba. Inda aka bar kowa ya zuba kayansa kai tsaye an ga sakamako: a 2018 an kama wasu manhajoji a rumbun Snap suna haƙar kuɗin kirifto a ɓoye da kwamfutocin mutane, a 2024 kuma aka samu jabun asusun kirifto da suka wawure wa mutane dukiya.

Hujjar da suka fi ji da ita ta faru ne a Maris ɗin 2024. Wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutar gwaji daga nesa yana ɗan jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, ƙaramin tubalin matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Wanda ya dasa ta, da ke amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana neman yarda kafin ya yi aika-aikar. Tarkon ya isa fitowar gwaji ta Debian da Fedora, amma bai kai ga tsayayyun fitowarsu da ake aiki da su ba, domin gidajen nan ba sa gaggawar karɓar sabon abu. Arch kuwa ta karɓi gurɓataccen tubalin, amma tarkon bai kama ta ba saboda yadda take haɗa nata ya bambanta. Bayan wata huɗu, ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa guda ɗaya mai lahani daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Abin da ya isa ko'ina a lokaci ɗaya, cutarsa ma haka take isa.

Sai batun da ya fi shafar aljihunmu. A tsohon tsari manhajoji ɗari na iya hawa tubali ɗaya: sau ɗaya ake sauko da shi, sau ɗaya ake gyara shi. Da aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL a Afrilun 2014, ƙaramin ƙunshi guda ya toshe ta ga duk manhajojin da ke tarayya a kan tubalin. Sababbin tsare-tsaren kuwa suna samun damar shiga ko'ina ne ta hanyar zuwa da guzurinsu. AppImage yana ɗauke da tubalansa a ciki. Flatpak, karon farko da mutum ya saka ko da ƙaramar manhaja, sai ya sauko da shimfiɗar da take hawa mai nauyin ɗaruruwan megabait, wata manhajar kuma wata shimfiɗar take so. Snap yana leƙa rumbu sau huɗu a rana da kansa yana neman sabuntawa. Ana iya dakatar da shi, idan mutum ya san yadda ake yi. Ga wanda ke jona kwamfuta da wayarsa, bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kuma tsofaffin kwamfutoci su ke shan wahala: da Ubuntu ta mayar da burauzar Firefox zuwa Snap, jinkirin buɗe shi ya jawo ƙorafi har Canonical ya tashi gyara. Ƙananan gidaje irin su antiX da Puppy, waɗanda ke tashi a kan kwamfutar da manyan suka yi watsi da ita, ba su da wuri a duniyar da aka ce kowa ya zama iri ɗaya.

Zagaye na biyu

Masu neman daidaito ba su yi shiru ba. Suka ce laifin Snap na Snap ne, ba na daidaito ba: Flatpak ba shi da mai shi guda, kowa na iya kafa rumbunsa, kuma idan an sauko da shimfiɗa sau ɗaya manhajoji da yawa na hawa kanta, sabuntawa kuma abin da ya canza kawai take jawowa. Suka nuna Steam Deck, na'urar wasanni da kamfanin Valve ya fitar a 2022: a kan Arch aka gina ta, amma da Flatpak masu ita ke saka manhajoji, yawancinsu ba su ma damu da sanin sunan abin ba. A 2023 Red Hat, uban rpm da kansa, ya sanar cewa zai daina haɗa LibreOffice a matsayin rpm a fitowarsa ta gaba, ya nuna wa mutane Flatpak. Game da xz kuwa suka ce kada a yi tuya a manta da albasa: duk gidajen nan daga rijiya ɗaya suka sha, masu gadinsu ba su ga komai ba, mutum ɗaya mai naci ne ya gano, cikin ikon Allah.

Suka ƙara da misalin gida. A tsakiyar shekarun 2000 wani kamfanin Najeriya mai suna Leapsoft ya fito da Wazobia Linux, mai magana da Hausa da Yarbanci da Ibo. An yi murna, an yaba. Yau ba a jin ɗuriyarta. Kafa sabon gida ba shi da wuya. Ciyar da shi shekara goma, ana bin kowace ɓaraka ana toshewa, shi ne aikin. Wanda ya dogara da ƙaramin gida, ranar da masu shi suka gaji shi ke kwana a ciki.

Masu kare bambanci suka mayar musu da misalin Android ɗin da suke taƙama da shi. Tun Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajojin Play Store wani salo da ke yanka manhaja gida-gida gwargwadon wayar da za ta hau, shi ya sa wani lokaci abin da aka turo daga wayar aboki yake ƙin shiga, mai waya ya rasa dalili. A Agustan 2025 kuma ya sanar da shirin tantance duk masu rubuta manhajar da za a saka a wayoyin Android masu rajistarsa, ko da ba ta Play Store ta biyo ba, farawa da Brazil da Indonesiya da Singafo da Thailand. Ƙunshi ɗaya ya kawo sauƙi, ba su musa ba, amma ya tara hukunci a hannu ɗaya, mai hannun kuma ba ya shawara da kowa a Birnin Kebbi.

Tankaɗe da rairaya

Idan aka ajiye zafin gardama, akwai wuraren da hujjojin ba su kai yadda masu su ke zato ba. Labarin OpenSSL na 2008 kowane ɓangare na iya jan sa: ɗan tsakiya ne ya yi ɓarnar, gaskiya ne, amma ba ta ƙetara zuwa gidan Red Hat ba saboda ba gida ɗaya ba ne. Labarin xz ma haka: bambanci ya rage gudun wutar, amma ba shi ya hango ta ba. Misalin CrowdStrike kuwa ya fi nuna haɗarin tura sabuntawa ga kowa a lokaci ɗaya ba tare da gwaji ba, ba laifin salon ƙunshi ba ne.

Abin da na fi ganin nauyinsa shi ne irin daidaiton da ya ɗore da wanda ya mutu. Wanda aka ɗora wa mutane daga sama, ko wanda kamfani ɗaya ya riƙe mabuɗinsa, bai haɗa kan kowa ba. Wanda aka ajiye a tsakar gida kowa ya ɗiba, shi ya zauna. A 2015 kamfanin Docker ya miƙa salon ƙunshinsa na manyan kwamfutocin intanet ga wata ƙungiya ta haɗin gwiwa a ƙarƙashin Gidauniyar Linux, kuma a wannan fagen gardamar salo ta lafa. Mu ma muna cin moriyar irinsa ba tare da mun lura ba: tsarin madannai na Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ yana cikin kundi ɗaya, xkeyboard-config, wanda kusan kowane gidan Linux ke ɗiba daga cikinsa. An saka shi sau ɗaya, ya isa Debian da Fedora da Arch, ba a tilasta wa kowa barin gidansa ba. Ta wannan ma'auni Flatpak ya fi Snap kusa da abin da zai iya ɗorewa, ko da yake nauyinsa a kan data da faifai gaskiya ne, kuma ga wanda ba shi da intanet sam AppImage, fayil ɗaya da ake ɗauka a filashi, ya fi su duka sauƙin kai.

Akwai kuma inda masu neman daidaito suka zuzuta. Ko da gobe aka wayi gari da ƙunshi ɗaya a duniya, mai shagon buga katin biki zai tambaya ina CorelDRAW, sakatare zai tambaya ina Word, kuma babu ɗayansu da ke da fitowar Linux. Kwamfutar ma da Windows take zuwa daga kasuwa. Salon ƙunshi ɗaya ne daga cikin shingaye, a wurinmu ma ba shi ne mafi tsayi ba.

Sai dai tambayar da duniya ke yi daban take da wadda ke gaban ma'aikata ɗaya ko makaranta ɗaya. Ko da an yarda duniya na amfana da gidaje ɗari, ofishi mai kwamfuta hamsin da ma'aikacin na'ura ɗaya ba zai iya riƙe gida biyar ba. Jihar Kerala ta Indiya ta ɗauki fitowa guda, wadda aka gina a kan Ubuntu, ta shimfiɗa ta a makarantun gwamnati, ta horar da malamai a kanta, abin ya ɗore shekara da shekaru. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya gina tasa mai suna LiMux a kan kwamfutoci kusan 15,000, a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. Akwai siyasa a ciki, amma ɗaukar ɗawainiyar gidanka kai kaɗai ma nauyi ne. Ga wuri irin Gwadangaji, inda ofisoshi ke kusa da juna, tsayawa a kan gida ɗaya na da wata riba: kwamfuta ɗaya za ta iya sauko da sabuntawa ta ajiye, saura su ɗiba daga wurinta ta wayar cikin gida, kuɗin data ya zama na mutum ɗaya. Wannan dabara ta daɗe a gidan Debian da Ubuntu, amma ba ta aiki idan kowane tebur da nasa salon.

Ko Flatpak zai cinye sauran a kan kwamfutocin gida da ofis, ko za a ci gaba da zama da deb da rpm a ƙasa shi kuma a sama, wannan ban ga wanda ya isa ya rantse a kai ba. Canonical bai nuna alamar sakin Snap ba, Debian ba ta nuna alamar sakin rumbunta ba, kuma kowanne na da dalilin da ba na banza ba. Mai karatu na iya ganin 'yancin fita ya fi sauƙin shiga daraja, wani kuma ya ga 'yancin da bai iya amfani da shi ba bai tsinana masa komai ba.

Ga shugaban ma'aikata ko na makaranta da za a kawo wa takardar sauya manhaja ya sa hannu: ranka ya daɗe, kafin ka sa, ka tambayi mai kawo shawarar har wace shekara masu wannan fitowa suka yi alƙawarin kula da ita, nawa za ta ci na data a wata, kuma idan shi aka yi masa canjin wurin aiki, mutum nawa ne tsakanin Birnin Kebbi da Argungu za su iya gyara ta. Idan ya kasa amsa ta ƙarshen, a fara da horar da mutane kafin a taɓa kwamfuta ko ɗaya.